Ƙaramin shaho da fara: yadda ake gane abin da ya ci

Ƴan uwa manoma da makiyaya, idan kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, ku riƙa ɗaga kai kuna duban sandunan wayar lantarki da busassun rassan itace. Za ku ga wani tsuntsu ja-ja zaune yana kallon ƙasa. Girmansa kamar na tantabara ne, amma ya fi ta siranta, kuma yana da dogon bindi. Wani lokaci sai ya tashi ya tsaya cak cikin iska, yana kaɗa fuka-fuki, kansa ko motsi ba ya yi. Can sai ya faɗo cikin ciyawa, ya ɗauki wani abu da ƙafa, ya koma inda ya taso.

Wannan shi ne ƙaramin shaho. Da yawa cikinmu ba su son ganinsa. Da an ce shaho, sai uwar gida ta tuna da ƴan tsakinta, yara kuma su ɗauko danƙo. To, kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san abin da yake ci. Sanin ba shi da wuya. Ba sai an kashe shi an farke cikinsa ba. Shi da kansa yake barin shaida a gindin itacen da ya zauna.

Ba iri guda ba ne

Akwai wanda yake farauta shi kaɗai. Bayansa ja ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, faratansa baƙaƙe. Shi ne ya fi yawan tsayawa cikin iska. Yana cin fara da ƙadangare da ɓera.

Akwai ɗan uwansa wanda ya ɗan fi shi ƙanƙanta. Namijin yana da kai ruwan toka, bayansa ja ba ɗigo ko ɗaya, faratansa fari-fari. Shi ba ya son kaɗaici. Garke-garke suke kiwo, da magariba kuma su taru su kwana bisa itatuwa wuri guda. Baƙo ne a wurinmu. Can ƙasashen Turai yake ƙwai, irin su Sifen da Faransa da Italiya da Girka, cikin ramukan tsofaffin gine-gine. Idan sanyin can ya kusa, sai ya ƙetare teku da hamada. Masu bincike sun ɗaura wa waɗansu ƴar na'ura a baya don su bi sawunsu. Sun ga na Italiya da Girka suna saukowa Nijar da Najeriya da Cadi, tafiyar kilomita wajen 3000. Na Sifen da Faransa sun fi zuwa Senegal da Moritaniya da Mali. Suna isowa wajen watan Oktoba, su koma cikin Fabrairu ko Maris.

A watan Janairu na 2007 an gano wani makwancinsu a tsibirin Kusmar, kusa da birnin Kawlak na Senegal. An ƙidaya tsuntsu dubu 28 da ɗari 6 wuri guda. Da aka bincika abin da suke ci, sai aka tarar mafi yawansa fara ce.

Mutanen Gaya da Dallol Mawri sun san wani mai jan ƙeya, wanda ba ya rabuwa da giginya. Shi kam ƴan tsuntsaye da jemage ya fi kamawa. Sannan akwai mai dogayen fuka-fuki kamar lauje, wanda yake ratsa ƙasar nan. Shi a sama yake kama mazari da gina, ya cinye su yana tafe, ba ya sauka.

Shaida ta farko: abin da ya yar

Ƙaramin shaho yana da tsabtar ci. Idan ya kamo fara, sai ya riƙe ta da ƙafa guda kamar yadda yaro yake riƙe masara. Ya cire mata fuka-fuki, ya cire manyan ƙafafun baya masu ƙaya, ya yar, sannan ya ci sauran. Daidai yadda mai sayar da fara take yi kafin ta soya. Tun da yana komawa bisa sanda guda ko reshe guda kullum, sai abin ya taru a ƙasa.

A je da sassafe, kafin iska da tururuwa su kwashe. A tsince fuka-fukan a hankali, a buɗe su bisa farar takarda. Fara tana da fiffike 4. Na sama guda 2 siriri ne masu ɗan tauri. Na ciki guda 2 masu faɗi ne, a naɗe kamar mafici. Na cikin nan su ne suka fi faɗin gaskiya, don kowane iri da launinsa.

Ƴar farar nan da take cin hatsi tun yana tsiro, ta kuma dawo lokacin da zangarniya take ɗura ido, gindin fiffikenta na ciki rawaya-rawaya ne, da baƙin zane a lanƙwashe. A bayan wuyanta akwai alama kamar an gicciya tsinke biyu. Ita ce ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen Sahel cikin 1974 da 1975, da kuma 1985 da 1986.

Cikin manyan nan da ake ce wa babe, akwai mai farin zane a tsakiyar baya tun daga kai. Gindin fiffikenta na ciki ja-ja ne. Ita ce masu bincike suka fi samu cikin abincin shahon Senegal. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƴar ƙaramar da muka faɗa tana binne ƙwai, ta mutu bayan damina, ƙwan ya kwana cikin ƙasa sai ruwan farko. Ita kuwa babbar da ranta take cinye rani cikin ciyawa da sabara, sai damina ta yi ƙwai. Saboda haka ita shaho yake tararwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kowace guda da ya ci da rani, ƙwanta ba zai shiga ƙasa ba.

Farar itace, wadda take kwana bisa bagaruwa da aduwa da magariya, jikinta duhu-duhu ne, fiffikenta na ciki yana da baƙin zane. Fara ɗango kuwa fiffikenta na ciki garau yake, ba zane, na sama yana da ɗigo-ɗigo masu duhu. Idan ta garke ce, jikinta ja-ja ne tana sabuwa, ta koma rawaya idan ta isa ƙwai. Farar tumfafiya da wuya a same ta a gindin sanda. Ta ci ganye mai dafi, tsuntsaye ba su son ta.

Ba fara kaɗai ake gani ba. Fiffiken mazari dogo ne, garau, kamar saƙar koma. Na gina guda 4 ne, tsawonsu ɗaya. Na buzuzu da ƴan uwansa ɓawo ne mai tauri da sheƙi.

Shaida ta biyu: curin amai

Wannan ita ce babbar shaida, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba.

Shaho ba ya tauna. Haɗiya yake yi. Cikinsa yana narkar da nama, amma ba ya iya narkar da ɓawon ƙwaro da gashi da ɓamɓarokin ƙadangare. Sai cikin ya dunƙule su wuri guda, tsuntsun ya amayo su ta baki. Yakan yi haka sau ɗaya ko sau biyu a yini, galibi da safe kafin ya fita kiwo. Shi muke kira curin amai. Ba kashi ba ne. Kashin tsuntsun fari ne, ruwa-ruwa. Curin kuwa busasshe ne, tsawonsa santimita 2 zuwa 3, kamar ƙwallon dabino. Idan fara ya ci, curin ja-ja ne ko ruwan ƙasa, yana ruguje wa mutum a hannu. Idan ɓera ya ci, toka-toka ne, gashi ya riƙe shi gam.

A nan sai an yi hankali. Ba shaho kaɗai ke yin curi ba. Mujiya tana yi, nata ya fi girma, kuma za a ga ƙasusuwan ɓera cikinsa ba su karye ba. Balbela da shamuwa da tsanwaka duk suna yi. Kada a tsinci curi ko'ina a ce na shaho ne. A zauna nesa, a ga tsuntsun da ido bisa itacen kwana biyu ko uku. Sannan a share gindin itacen tas da yamma. Abin da aka tarar washegari, an san mai shi, an kuma san na yini guda ne.

Kowane curi a sa shi daban cikin kwalin ashana ko a ƙunshe shi a takarda. A rubuta rana da wata da sunan wurin.

Ga yadda ake buɗe shi. A samu farar tasa, a zuba ruwa kaɗan, a sa curi guda ya jiƙa. Idan ya yi laushi, a warware shi da allura ko ƙayar aduwa guda biyu. Kada a murza da yatsa, abubuwan ciki ƙanana ne. A yi aikin cikin haske, inda babu iska. Mai madubin ƙara girma ya samu sauƙi. Wanda ba shi da shi, kyamarar wayar salula tana ƙara girman abu. Idan kuma idon dattijo ya gaza, a kira yaro.

Abin da za a fara nema shi ne haƙorin fara. Kowace fara tana da muƙamuƙi biyu masu tauri, na dama da na hagu, waɗanda take yanka ganye da su. Girmansu kamar ƙwayar hatsi ko ta dawa, bakinsu baƙi. Su ne suka fi komi tauri a jikinta, ba sa narkewa. Idan an jera su za a ga waɗansu sun lanƙwasa dama, waɗansu hagu. A ware su kashi biyu. A ƙidaya kowane kashi. Wanda ya fi yawa, shi ne adadin farar da tsuntsun ya ci. Misali: an samu na dama 7, na hagu 5. Fara 7 ke nan, ba 12 ba. Biyu na hagu sun ɓace ne ko sun karye.

Haƙorin yana faɗin wani abu kuma. Farar da take cin ciyawa da ganyen hatsi, haƙorinta shimfiɗaɗɗe ne da ƴan layuka, kamar dutsen niƙa da aka sassaƙa. Wadda take cin ganye mai faɗi da laushi, haƙorinta yana da tsini-tsini kamar zarto. Mai cin duka biyu, nata tsaka-tsaki ne. Ashe ko ba a san sunan farar ba, ana iya sanin ko abokiyar gabar hatsi ce.

Sai a nemi ƴan ƙugiyoyi baƙaƙe, gajeru, masu lanƙwasa. Macen fara tana da guda 4 a ƙarshen cikinta. Da su take huda ƙasa ta zuba ƙwai. Namiji ba shi da su. In an same su, mace aka ci. Ƙafar baya ma tana nunawa, don cinyar mace ta fi ta namiji tsawo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: macen ɗango tana zuba ƙwai 60 zuwa sama da 100 a rami guda, kuma ba sau ɗaya take yi ba.

Sauran ƙwari kowa da alamarsa. Gyare yana barin kai kewayayye mai santsi. Buzuzu yana barin gutsattsarin ɓawo masu sheƙi da ƙafa mai faɗi da haƙora. Ƙoƙi-ƙoƙi ana gane ta da hannuwanta na gaba masu jerin ƙaya. Shanshani yana barin ƙahonnin cizo guda biyu, ja-ja. Gina tana barin ƴan kawuna ƙanana da yawa, har curin ya yi kamar an cuɗa shi da yashi. Idan an ga gashin tsuntsu da ƴan ƙasusuwa marasa nauyi, to tsuntsu ya ci. Mai zargin shaho da ɗaukar ƴan tsaki, ga inda zai nemi hujjarsa. Wanda ya buɗe curin ƙaramin shaho da yawa zai ga ƙwari ne suka cika su. Masu ɗaukar ƴan tsaki a tsakar gida galibi shirwa ce da babban shaho.

Abu guda da curi ba ya nunawa sosai shi ne abinci mai laushi, irin su tsutsa. Ita narkewa take yi kusan duka. Saboda haka abin da aka ƙidaya, mafi ƙanƙantar adadi ne. Tsuntsun ya ci haka, ko fiye.

A yi allon gwaji

Wanda yake son ya ƙware, ga dabara. Ya kamo farar da ya sani da sunanta daga gonarsa, iri-iri. Ya shanya su. Ya cire wa kowace haƙora biyu da ƙafar baya da fiffiken ciki. Ya manna su da ƙaro bisa kwali, kowane iri a layinsa, ya rubuta sunan da ake kiran ta a garinsu. Idan ya buɗe curi, sai ya riƙa gwadawa da na allon. Masu binciken ma haka suke yi. Sunayen fara sun bambanta tsakanin Tawa da Maraɗi da Damagaram, amma haƙori bai san wannan ba. Mata masu kamun fara da asuba sun fi kowa sanin ire-irenta. A tambaye su.

Idan an gama, a zubar da ruwan nesa da kwanonin abinci, a wanke hannu da sabulu.

Me wannan zai amfane mu?

Shaho yana gani fiye da mu, kuma yana zuwa inda ba mu zuwa. Abin da ya yawaita a daji, shi yake yawaita cikin curinsa. Makiyayin da ya tarar da fuka-fukan ɗango a gindin itace, can arewa wajen Tamesna ko Ayar, ya samu labarin da ya kamata a kai wa ma'aikatan yaƙi da fara tun da wuri. Kowa ya tuna da ɗangon 1988 da na 2004, da yunwar da ta biyo baya a 2005. Idan ta riga ta zama garke, tsuntsu ba ya iya mata. Garken da ya rufe fili mai kilomita guda a tsawo da kilomita guda a faɗi yana ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, kowace tana cin nauyin jikinta a yini, wajen giram 2. Amfanin shaho tun tana kaɗan ne, a warwatse, kafin ta haɗu.

An gwada wannan a ƙasarmu. Cikin Oktoba da Nuwamba na 2005, a wajen Arlit, jihar Agadas, jirgin sama ya fesa wa ɗango wani magani mai suna Green Muscle. Shi ba guba ba ne. Wata irin funfuna ce da take kama fara, ta tsiro cikin jikinta, ta kashe ta. Masu bincike sun riƙa zuwa kullum suna tsince curi da fuka-fuki a gindin wuraren da ƙaramin shaho yake zama. Kafin feshi suna samun ragowar ɗango wajen 30 a yini. Cikin abu 10 da ya ci, 9 ɗango ce. Farar ta fara mutuwa kwana 5 bayan feshi. Zuwa kwana 21, kashi 80 cikin 100 sun mutu. Tsuntsayen kuwa ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Kuma bayan feshin, cikin fara 4 da shaho ya ɗauka, 3 mata ne. Da ƙidayar ragowar nan aka gano haka, irin wadda muka bayyana a sama.

Maganin guba ba haka yake ba. Farar da ta sha shi takan yi ta layi a ƙasa, ita ce mafi sauƙin kamu. Shaho ya ci 10, ya ci 20, gubar ta taru masa. Idan an yi feshi a karkara, sai aka ga gindin sandar da yake zama ya yi kwana da kwanaki ba sabon curi, ko aka tarar da tsuntsaye matattu, a sanar da ma'aikacin gona ko na gandun daji. Kada a taɓa mushen da hannu, kada a bar yara ko karnuka su ɗauka. Farar da aka tsinta a wurin kuma ba ta ci ba ce, ba ta kai wa kasuwa ba ce. Abin da ya kayar da tsuntsu yana iya kwantar da mutum.

Sauran magana ta itace ce. Ƙaramin shaho daga bisa yake hango fara. Gonar da aka share ƙaf, ba gawo ba aduwa, ba shi da wurin tsayawa. Inda manoma suka bar sassabe ya tashi, kamar yadda ake yi a jihohin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980, ya samu mazauni. Mai fili fetal yana iya kafa sanda mai tsawon mita 3 ko 4, ya gicciya ɗan itace a samanta. Idan tsuntsun ya saba da ita, nan zai riƙa fige fararsa, nan kuma za a riƙa samun curinsa. A kafa ta tun watan Oktoba, nesa da hanya da wurin wasan yara, a kuma share gindinta don abin da ya faɗo ya fito fili.